Injin Kiran Sallar Baba

Litinin 14 ga Afrilu, da hantsi

Littafin nan na zanen wayoyi ne, wanda nake ajiyewa a shagona na gyaran rediyo a Konni. Jiya na rufe shagon na taho gida, nan ƙauyenmu kusa da Tajaye, kuma ba ni da wanda zan gaya wa abin da ke raina. Goggo Saratu, ƙanwar Baba, da na buɗe baki sai ta turo mini ƙwaryar fura. To bari in gaya wa takarda.

Injin masallaci ya kawo ni. Ranar ƙaramar salla muna zaune a zauren Liman Yakuba bayan idi, wani daga cikin waɗanda suka dawo ci-rani ya ce shi fa yanzu ba ya gane kiran sallar Baba, sai dai ya ji ƙara ya san lokaci ya yi.  Liman bai ko ɗago kai ba ya ce, "Injin ga na yat tsuhwa." Kowa ya kama, inji ne, inji ne. Ni kuwa ina zaune a tsakiyarsu, kuma ba wanda bai san ni na haɗa injin nan da hannuna ba. Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya.

Da na fito wani ya ja ni gefe ya ce akwai masu cewa kafin damina a miƙa wa Na'Allah mikro, wato makirufon kiran salla. Na'Allah shi ne mataimakin Baba, mutumin kirki, ba ni da abin faɗa a kansa. Amma Baba, Malam Tanimun, shekara arba'in da ɗaya yana kiran salla a garin nan. Tun da Inna ta rasu, yayana Chindo ya bi ta, kiran nan ne kaɗai ke tashinsa daga tabarma. Idan aka karɓe ban san abin da zai rage masa ba. In dai inji ne matsalar, ai inji sana'ata ce. Zan gyara shi har kowa ya rasa bakin magana.

Talata 15 ga Afrilu, bayan azahar

Na buɗe injin yau a ɗan ɗakin ladan da ke jikin masallaci. Akwatin katakon nan dai yana nan, da ƙusoshin Chindo a karkace, don shi bai taɓa buga ƙusa ta miƙe ba. A ciki na tarar da saƙar gizo, da ƙwan tsaka guda biyu, da ƙurar shekara ashirin da takwas. Kondansa uku, ƴan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, sun kumbura. Abin murɗa ƙara da an taɓa shi sai ya hau ƙaraf-ƙaraf. Wayar mikro kuwa wayar fitila ce, an ɗaure ta wuri huɗu da leda. Ga gurnanin nan da yake yi ko ba a magana, wanda duk ɗan garin nan ya tashi da shi a kunne.

Ina da shekara goma sha tara muka haɗa shi. Rediyon wata tsohuwar mota muka farke, muka ƙara da kayan cikin wata talabijin da ta ƙone a Tsarnawa. Ba mu da ƙarfen narka dalma na lantarki, sai wata ƙusar tagulla da muke sa wa a garwashi. Chindo ke riƙe mini wayoyi, yana cewa da gangan Allah ya ba shi yatsa na shida don wannan aikin. Kafin nan Baba matakala yake hawa zuwa rufin masallaci, ya toshe kunne da yatsu ya kira da ƙarfin ƙirjinsa. Ranar da muka fara kunna injin, jakin maƙwabcinmu ya tsinke igiya, mata suka fito da muciya a hannu, mutanen rugage suka zo washegari tambayar ko lafiya. Chindo ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Yau da na taɓa akwatin sai na ji kewarsa ta danne ni, na daɗe ban ɗauki mitar gwajin wuta ba.

Baba ya zauna a bakin ƙofa yana kallona. Da lokacin azahar ya yi na maida murfin na kunna masa. Da hannun hagu yake riƙe mikro yanzu.

Laraba 16 ga Afrilu, da yamma

Zafi kamar a gasa mutum. Goggo ta yanka wa Baba nama ƙanana-ƙanana, duk da haka bai ci ba.

Juma'a 18 ga Afrilu, bayan an sauko

Liman ya leƙo ɗakin ya same ni da kayan aiki a baje. Muka gaisa, ya tsaya yana jan carbi yana duban akwatin.

"Hayatu, wanga aiki ba na gaggawa ba na."

Na ce, "Allah shi gahurta Malam, ai ku kunka ce inji na."

"Na hwaɗi, ƙwarai. Amma mun saba da shi hakanan. Tsohon abu a kan bi shi sannu."

Na yi masa bayanin kondansa, da yadda idan suka bushe murya ke fitowa a dame. Har zane na yi masa a ƙasa da tsinke. Ya saurara har na ƙare, ya ce Allah shi yi albarka, sannan ya tambaye ni shagona wa na bar wa, kuma iyalina ba sa nemana? Na ce matata Nazifa ta san inda nake. Ya ce to, ya fita.

Na san abin da ke damunsu. Tsoro suke in taɓa shi ya mutu gaba ɗaya. Mutanenmu ke nan, rediyo ya shekara yana tari ba za a kawo maka ba sai ya daina numfashi. Shekara ashirin da biyar ina wannan sana'a a Konni, har daga Illela ta Najeriya ake ƙetaro mini da kaya, amma a garinmu ni har yanzu yaron nan ne mai ƙona yatsa da dalma.

Lahadi 20 ga Afrilu, da hantsi

Tsakanin salla da salla nake aiki, don ba na so a rasa kira ko ɗaya ta dalilina. Na canza kondansa ukun da abin murɗa ƙara. Na cire wayar fitila na sa ta gaske mai rigar ƙarfe. Gurnani ya ragu da rabi.

Jiya da la'asar na tafi bayan rijiyar yamma na tsaya in ji. Da sauƙi, amma har yanzu akwai inda maganar ke narkewa, musamman wajen shahada. Taransistocin nan biyu na cikin injin ne. Sun gaji, idan murya ta yi ƙasa sai su dinga yanka ta. Kuma ƴar fatar da ke cikin lasifikar saman rufi na tabbata ta tsage. Su ne. Babu wani abu sai su.

Talata 22 ga Afrilu, da safe

Wata huɗu yau da ranar da ciwo ya kayar da Baba. Ina Sakkwato sayen kaya, wayata a kashe, sai kwana na uku na iso asibiti. Ba na son rubuta wannan.

Alhamis 24 ga Afrilu, bayan la'asar

Na ciro marfin tukunyar nan don in goge shi. Taransisto yana zafi, dole a ɗaura shi a jikin ƙarfen da zai sha zafin, mu kuwa a lokacin ba mu da komai sai marfin tukunyar alminiyam ta Inna, wadda take dafa miyar salla. Chindo ya sato shi, ni na huda. Kwana uku tana neman marfinta, tana zargin awaki da maƙwabta. Da ta gano, ta biyo mu da mafici har ƙofar masallaci, sai ta tsaya don ba ta shiga. Daga baya duk baƙuwar da ta zo sai ta ce mata, "Kin ji kiran ga? Da marhina a ciki." Har ta rasu faranti take kifa wa tukunyar.

Na kai wa Goggo marfin ta gani, ina tsammanin za ta yi dariya. Ta juya shi a hannu, ta shafa ramukan, ta miƙo mini.

"Maida shi inda ka ɗauko shi, ka ruhe akwatin ga, ka koma ma aikinka."

"Goggo, saura kaɗan."

"Shi nika jin tsoro."

Na ce me take nufi. Ta ce ba ta nufin komai, wake take tsincewa. Sannan ta tashi da tsumma ta je ta goge wa Baba gefen baki, yana gyangyaɗi a inuwar dalbejiya. Sau nawa take yin haka a rana ban ƙirga ba.

Nazifa ta kira. Ta ce masu kaya na ta zuwa shago suna komawa. Na ce su jira.

Litinin 28 ga Afrilu, Konni, da azahar

Na zo karɓar saƙo. Alkasum, tsohon mai sayar mini da kaya a Sakkwato, ya aiko da taransisto biyu na asali, ba irin na yanzu da ake goge lamba a sake bugawa ba, da sabuwar fatar lasifika. Na zauna a shago na haɗa wani ɗan allo ƙarami da zan sa tsakanin mikro da inji, wanda zai ɗaga murya tun kafin ta shiga. Da shi ko raɗa mutum ya yi za a ji. Baba ba sai ya wahalar da ƙirjinsa ba.

Wata dabara kuma ta zo mini. A manyan masallatan Konni akan sa ƙaramar lasifika kusa da ladan don ya riƙa jin kansa. Baba kunnensa ya yi nauyi, kuma babbar lasifikar tana can sama tana fuskantar gari. Shekarun nan duk bai san yadda yake fita ba. Na ɗauki wata ƴar lasifika mai kyau da na daɗe ina ɓoyo, na sa a jaka. Ina ta murna a kan babur kamar wanda zai kai kayan sallar yara.

Laraba 30 ga Afrilu, da yamma

Na hau rufi na canza fatar. Tsohuwar ba ta tsage ba. Na dai canza.

Juma'a 2 ga Mayu, da hantsi

Na gama. Bayan hantsi ya ɗaga na sa taransistocin, na daidaita su da mita, na haɗa ɗan allon, na rataye ƙaramar lasifika a bango nesa da mikro don kada ta yi tsuwa. Na kunna. Shiru. Har na zaci ban haɗa batir ba. Na kai mikro baki na ce ɗaya, biyu, muryata ta dawo mini tas, har ƙarar haɗiyar yawuna. Wallahi ban taɓa yin aiki mai tsabtar wannan ba. Da Chindo na nan da ya ce ƙarya ne, sabo na sayo na ɓoye a tsohon akwati.

Na'Allah ya shigo da tsintsiya ya tarar da ni ina ta washe baki. Na ce ya gwada. Ya yi sallama a mikro a hankali, ya ji kansa, sai na ga fuskarsa ta canza.

"Hayatu, don Allah ka rage shi. Ko ka bari sai wata rana, ba yau Juma'a ba. Mutanen ƙauyuka dut suna tahe."

Na ce ai don su na ƙarasa yau. Na ce masa kuma, Allah ya yafe mini, na san akwai wanda gyaran nan bai yi wa daɗi ba. Ya dube ni, ya ci gaba da shara.

Juma'a, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ya faru, sau ɗaya.

Masallaci ya cika har waje. Na riƙo Baba muka shiga ɗakin, na kunna, na ba shi mikro. Ya yi kabbarar farko. Ta fita ta cika gari, ba gurnani, ba ƙaraf-ƙaraf, ba abin da ya tsaya tsakanin bakinsa da kunnen mutane. Aka ji numfashin da yake ja da ƙyar. Aka ji harshen yana jan ƙafa, haruffa suna hawa kan juna, wasu ba sa fitowa sam. Ba taransisto ba ne.

Ƙaramar lasifikar ta maido masa da komai a kunne. Ya tsaya. Ya juya ya dubi bango yana neman mai maganar. Na ga lokacin da ya gane.  Na miƙa hannu zan kashe, ya ture hannuna da gwiwarsa. Ya ci gaba, kalma bayan kalma, yana jin kowacce, har ya kai ƙarshe. Shi da kansa ya murɗa ya kashe injin.

Liman da Na'Allah suna tsaye a ƙofa. Baba ya dube su ya ce, "Tun yaushe?"

Ya ajiye mikro. Ya ce a kai shi sahu.

Asabar 3 ga Mayu, da hantsi

Goggo ba ta yi mini magana ba jiya. Yau da safe ta same ni a zaure, ta zauna, ta ajiye kaskon turaren da ke hannunta.

"Kai kaɗai ka yarda inji na, Hayatu. Dut garin ga ba wanda bai sani ba. Tun da anka sallamo shi asibiti hakanan shika kira. Mu da muka kwana gida guda da shi mun ji, na sahun gaba sun ji. Liman yac ce a aza ma inji laihi, kowa yak kama. Ko ƙananan yara an hana su hwaɗin komi. So anka yi a ba shi lokaci shi sauka da ƙahwahunshi, shi ce ya gaji, a yi mishi addu'a. Inji ba shi jin kunya. Shi ya sa munka aza mishi."

Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini.

"Wa za shi dubi ɗa shi ce mishi harshen ubanka ya mutu? Liman ya hwaɗa maka, na hwaɗa maka, Na'Allah ya hwaɗa maka. Yadda aka hwaɗi a garin ga. Ka daɗe birni, kunnenka sai waya shika ji."

Na so in ce ban sani ba. Amma ni ne nake zama gabansa kullum yana ce mini in miƙo buta sai ya maimaita sau biyu. Ni ne na ga fatar lasifika lafiyarta lau na yi shiru. Na sani. Na dai fi son ya zama abin da zan iya gyarawa, tunda ranar ciwon nasa ban zo da wuri ba. Gari guda ya taru ya rufa wa mahaifina asiri, ni na zo da ƙarfen dalma na yaye. Na yi kuka a gaban Goggo, abin da ban yi ba tun mutuwar Chindo. Ba ta rarrashe ni ba, ta dai zauna har na gama.

Lahadi 4 ga Mayu, bayan isha'i

Na'Allah ya kira duka biyar, da baki, bai taɓa injin ba. Baba a ɗaki ya yi salla.

Litinin 5 ga Mayu, da azahar

Na je na ba Na'Allah haƙuri. Ya ce ba komai. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Talata 6 ga Mayu, bayan azahar

Tsofaffin kayan duk suna cikin gwangwanin madara, ban zubar da ko ɗaya ba. Da hantsi na ɗauka na tafi ɗakin ladan. Niyyata in maida kondansan da suka kumbura, da wayar fitila, da komai, in cire ƙaramar lasifika, in ce wa gari gyaran bai riƙe ba. Na san za su kama. Kowa zai ce ai dama, tsohon inji.

Na kwance ƙusa biyu ke nan na ji sanda a ƙofa. Baba ne, shi kaɗai ya tako daga gida, jallabiyarsa duk gumi. Na ba shi kujera. Ya daɗe yana maida numfashi, yana duban gwangwanin. Zan rubuta maganarsa a miƙe, ko da yake ba a miƙe ta fito ba.

"Mi kaka yi?"

"Zan maida shi yadda yake, Baba. Ka ci gaba da kiranka."

"Don su ci gaba da yi mini kara?"

Ya ci gaba da cewa:

"Wata huɗu ina ɓata sunan Allah bisa kan mutane, suna haƙuri. In sun yahe, Shi hwa? Kiran ga ba nawa na ba, Hayatu. Aro anka ba ni." Ya nuna akwatin da sandarsa. "Ruhe shi. Kak ka taɓa komi. Kira mini Na'Allah."

Na ce, "Baba, ni na jawo."

"Kai ka gyara inji. Abin da ka iya ke nan."

Ban san ko faɗa ne ko yafiya ba, kuma ban tambaya ba. Na je na kira Na'Allah. Baba ya ɗauki mikro da hannun hagu ya sa masa a hannu, a gaban Liman, ya ce ya riƙa jan numfashi kafin shahada, don yana da gaggawa. Na'Allah ya durƙusa yana hawaye. Liman ya yi addu'a. Ni na tsaya a baya da sukurdireba a hannu, na rasa inda zan sa ta.

An gama. Abin da na rufe shago na zo hanawa, ni na kawo shi, kuma kafin damina.

Laraba 7 ga Mayu, da safe

Baba bai fito ba. Ya sha koko rabi. Ina jin tsoro.

Alhamis 8 ga Mayu, bayan magariba

Wajen ƙarfe uku ina ɗaure kayana, don na gaya wa Nazifa gobe zan dawo, sai Goggo ta ce Baba na kirana. Na same shi zaune da hularsa da takalmi.

"Tada babur. Kai ni gonar tudu."

Na ce rana da zafi, kuma la'asar ta kusa. Ya ce ya fi ni sanin lokacin la'asar. Goggo ta ɗaure shi a bayana da zane don hannun dama ba ya riƙo, tana ta mita. Muka bi hanyar amalanke a hankali, muka ƙetare busasshiyar ƙorama, muka hau tudu. Mutane na ta sharar gona, ana ƙona kara, hayaƙi na tashi nan da can. Duk wanda muka wuce sai ya ajiye manjagara ya ɗaga hannu. Daga can garin ya koma ɗan ƙarami, sai rumbuna da kan masallaci.

Na zaunar da shi a gindin gawon da ke iyakarmu. Na tambaye shi me muka zo yi.

"Ina so in ji inda abin ga naka ka kai. Ban taɓa jin shi daga nesa ba. Kullum ni a ciki."

Ban taɓa tunanin wannan ba. Shekara ashirin da takwas mutanen gonakin nan suna ajiye fartanya saboda shi, shi kuwa bango huɗu kaɗai ya sani.

Muka jira. Sai ga kiran ya taso daga gari, ya ƙetaro ƙorama, ya iso mu sarai, kowane harafi a wurinsa. Baba ya karkata kunnen da ya fi ji. Can ƙasa wani mutum ya jingine manjagararsa ya nufi buta, wata mata da itace a ka ta tsaya cak. Baba yana ta binsu da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Har nan?" ya ce. "Da ma hakanan suka yi?"

Na ce haka suke yi, Baba, kullum, tun ina yaro.

Ya gyaɗa kai. Sannan na ji yana motsa baki. Amsa kiran yake yi, kamar yadda kowane mai sauraro ke yi, Na'Allah ya faɗa shi ya maimaita, a hankali, da harshen nan nasa mai nauyi, ba mai ji sai ni. Shekara arba'in da ɗaya gari na amsa masa, yau shi ya amsa wa wani. Na juya baya na yi kamar ina duba tayar babur.

Da aka ƙare ya yi addu'a ya shafa da hannu ɗaya, ya miƙo mini hannun.

"Tashe ni. Yanzu sai mun yi sauri, in ba haka ba mu rasa sahun gaba."